Gefen Littafi

Ni ne mai rubuta maki, ba na shiga fili.
Kujerata na ƙarƙashin dalbejiya, ƙafar hagu a miƙe
tun ranar da babur ya kayar da ni a Kwangila.
Shekara tara ina ɗiga ɗigo, ina zana huɗu da shida,
littafin ƙungiyar kurket ɗinmu ya san gumin hannuna.

Daren Alhamis, teburin mai shayi a Samaru,
Malam Dikko ya shimfiɗa takarda tsakanin kofuna.
Suna goma sun zauna daram.
Gurbi ɗaya ya rage, mutum uku na jira,
ga 'yan Kaduna za su iso Asabar, oba hamsin-hamsin.

Kyaftin ya ce: Sha'aibu.
In ya ɗaga katako, 'yan acaɓa kan ci birki a bakin titi,
ya taɓa aika ƙwallo bisa kwanon ɗakin karatu
har maigadi ya saki salati.
Na ce haka ne, ga shi a shafi na sha biyu:
arba'in da ɗaya.
Abin da shafin bai faɗa ba,
a ranar ƙwallo ta sauko masa kamar nunannen mangwaro,
ta bi ta tsakanin yatsunsa,
wanda ya tsira kuwa ya ƙara sittin kafin la'asar.

Malam Dikko ya ce: Ishaya na Wusasa fa?
Jifansa na karkacewa kamar lungun Kwarbai,
turaku uku har rawar ɗari suke in ya taho.
Gaskiya ne. Amma oba goma ne rabonsa.
Sauran arba'in yana can bakin iyaka yana sosa ƙeya,
kafin ya sunkuya sai ya yi shawara da gwiwa.

Ba wanda ya ambaci Tanimu.
Makinsa bakwai, tara, wata rana babu.
Ba ya jifa. Tsayawa kawai yake,
sai dai irin tsayuwar kyanwa a bakin rami.

Sai na juya littafin na nuna musu gefe,
inda babu layi, babu kan magana,
inda nake 'yar ƙididdigata da fensir
duk sa'ad da huɗu ta mutu a hanya ta koma ɗaya,
duk sa'ad da mai gudu ya hango Tanimu ya fasa.
Wasa shida, tamanin da uku.
Ba a tafa wa gudun da ba a yi ba.
Mai gadin gero ba ya cikin lissafin dami,
amma a tambayi tsuntsu.

Kyaftin ya tuntsire: da fensir za ka ci Kaduna?
In muna neman ashirin a oba biyun ƙarshe,
gogaggiyar gwiwa ce za ta buga mana?
Ban musa ba.
Ranar da ake neman ashirin, ni ma Sha'aibu nake nema.
Na dai ce: wa ya bari ta kai ashirin?
Ana ta ɗebo ruwa, ba a duba gindin tulu.

Shayi ya huce. Mai shayi ya fara kife benci.
Malam Dikko ya daɗe yana tauna murfin biro,
ya tambaya ko an yi ruwa a filin, ko ciyawa ta tashi,
sannan ya rubuta suna, ya ninke takardar huɗu,
ya cusa aljihu, bai nuna wa kowa ba.

Asabar zan yi sammako, in share gindin dalbejiya.
In Tanimu ya fito cikin sha ɗaya, to.
In kuwa ruwa zai riƙa kai wa 'yan wasa,
zan matsa masa a benci, in ba shi fensir,
ya ƙirga da kansa abin da ke wucewa
ta wurin da ya saba tsayawa.